Ƙofa Ɗaya, Faifai Biyu

An yi wani mutum a nan garin Bahiya, mai sayar da goro a gangaren unguwar Pelurinyo. Ba zan faɗi sunansa ba. Tsofaffin cikinku sun san shi, ga su can sun fara sunkuyar da kai. Waɗanda ba su san shi ba kuwa ba su yi asarar komai ba, don in suka leƙa zuciyarsu da kyau za su tarar da ƙanensa a zaune. Ni na leƙa tawa da safen nan, na iske har ya shimfiɗa tabarma.

Mutumin nan ba ɓarawo ba ne, ba mashayi ba ne. Salla ba ta wuce shi, azumi ba ya kubce masa. Ciwonsa ɗaya ne tak: ba ya iya ganin alheri a hannun wani ya haɗiye yawu lafiya.

Yana da aboki ana ce masa Sulaimanu. Jirgi ɗaya ya kawo su ƙasar nan, sarƙa ɗaya a ƙafafunsu. A cikin jirgin suka ga yadda ake yi da wanda ya mutu: a kama hannu da ƙafa a wurga a teku, ba wanka, ba salla. Nan suka ɗaukar wa juna alkawari, duk wanda ya riga cikawa, ɗayan ne zai wanke shi ya sa shi a likkafani.

Ya 'yan uwa, kun san nauyin wannan alkawari a nan. A gida mutum ba ya kwana da tunanin wa zai wanke shi, gari guda ne zai fito. A nan fa? Ku ƙirga kanku a ɗakin nan. Dukiyar ɗayanmu a ƙasar nan ita ce hannun da zai zuba masa ruwa ranar ƙarshe.

Shekara goma sha ɗaya suka yi suna ɗaukar kujerar nan da ake ɗora Turawa daga bakin ruwa zuwa saman gari. Mutumin namu a gaba, Sulaimanu a baya. Duk wanda ya taɓa hawa tudun nan da kujera a kafaɗa ya san wanda nauyi yake zube wa. Sulaimanu bai taɓa faɗa ba. Da suka shiga adashin fansar kai, kwasar Sulaimanu ce ta fara zuwa, sai ya tura wa abokinsa ya ce, "Yaya, kai ne babba, fara fita. Ina bayanka kamar kullum."

Mutumin ya karɓa, ya yi godiya, ya sami takardar 'yancinsa. Amma alherin da aka yi wa mai hassada ƙaya ce a tafin ƙafa. Duk inda mutane suka taru sai an ba da labarin abin da Sulaimanu ya yi, shi kuwa yana gefe yana murmushin dole, kamar wanda ya tauna tsakuwa a gidan surukai.

Da Sulaimanu ya fita shi ma, suka kama ɗaki mai ƙofa ɗaya, suka fara sayar da goron da jirage ke kawowa daga Ikko. Suka je wurin Malam Idirisu, dattijon da ke ja mana salla a wancan lokaci, ya rubuta musu yarjejeniya da baƙaƙenmu na ajami. Duk abin da ya shigo ta ƙofar nan, rabi da rabi ne. A ƙasa ya ƙara alkawarin wankan, ya sa sunayensu, ya sa nasa da na shaidu biyu. Sannan ya naɗe ta a ƙyallen fata ya miƙa wa babban, ya ce, "Wannan tsakaninku da Allah ce. Kada idon hukuma ya gan ta."

Ba sai na gaya muku dalili ba. Tun shekarar da 'yan uwanmu suka tashi cikin watan azumi suka faɗa wa kurkukun da ke ƙarƙashin gidan hukumar gari, Turawan nan ba sa ganin rubutunmu su ga komai sai yaƙi. Ko lissafin sabulu ka rubuta, a wurinsu shirin tawaye ne. Mai takardar 'yanci kuwa in aka kama shi da irinta, ana iya ɗora shi a jirgi a kore shi daga ƙasar.

To, ga ƙofa ɗaya, ga faifai biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Huhu ɗaya ake kwancewa a raba. Amma masu saye sai su tsallake faifan mutumin namu su tsaya gaban na Sulaimanu. Ba asiri ba ne. Sulaimanu yakan yi sammako ya yayyafa wa goronsa ruwa, ya canza masa ganye, ya tsince mai sankara tun bai shafi 'yan uwansa ba. Matan Yarbawa masu sayen goro don bukukuwansu kuwa ya san sunan kowace, ya san wadda ƙafarta ke ciwo, ya san wadda 'yarta ta haihu.

Mutumin namu bai ga wannan ba. Abin da ya gani shi ne hagu ta fi dama albarka. Ya ce a yi musayar wuri. Aka yi. Masu saye suka koma dama. Ya ce to faifan ne. Ya faki ido ya musanya faya-fayan. Matan suka zo suka sayi goronsa na jiya a hannun Sulaimanu, suna yaba daɗinsa. Ranar bai ci abinci ba.

Ana nan sai wani ɗan kasuwa mai suna Usman, wanda ke kai da kawowa tsakanin Ikko da nan, ya sauka da huhun farin goro, irin wanda ba a cika gani ba. Ya taɓa kwantawa ciwo a garin nan, Sulaimanu ya yi jinyarsa. Ya shigo shago ya ajiye huhun ya ce, "Wannan naka ne, Sulaimanu, ba na ciniki ba ne."

Usman bai kai ƙarshen gangare ba mutumin ya ce, "Ta ƙofa ya shigo."

Sulaimanu ya ce, "Gaskiyarka, Yaya. Kawo wuƙa mu kwance mu raba."

Kun ji an ba shi abin da ya nema. Sai dai ba rabin goro yake so ba. So yake a ce da Usman ya shigo, sunansa ya kira. Wannan kuwa wace wuƙa ce za ta raba shi?

Ya ce an ci amanarsa, an daɗe ana cinta. Malam Idirisu ya kira su ya zaunar da su a buzunsa, ya yi nasiha har muryarsa ta dushe. Mutumin ya kakkaɓe riga ya ce shi kotun Turawa zai je, a tona komai a gaban jama'a. A ransa yana hango Sulaimanu tsaye gaban babban alƙali yana rawar baki, matan Yarbawa suna leƙe ta taga.

Sai ya tarar abin ba haka yake ba. Dokar ƙasar nan ba ta barin ɗan kasuwa ya kai ɗan uwansa gaban babban alƙali sai sun fara zama gaban alƙalin sulhu na unguwa. Shi zai yi ƙoƙarin daidaita su. In abin ya faskara, ya rubuta takarda cewa sulhu ya gagara, da wannan takarda ake shiga kotu. Ku duba, ya 'yan uwa, har mutanen da suka saye mu kamar awaki sun gane cewa shari'a mace ce mai ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. Suka gina zaure kafin a kai ga ɗakin. Mai hankali yakan sauke kayansa a zauren ya koma gida.

Mutumin namu ya je zauren ne don ya wuce. Takardar gagara kawai yake nema.

Alƙalin sulhun unguwarsu wani Bature ne mai kantin magani, yana zama a bayan kantinsa ranar Talata, akawunsa na gefe, idonsa na kan agogo saboda abincin rana. Ya ce wa mai ƙara, me kake nema?

Mutumin ya ce rabin huhun. Sulaimanu ya ce ya bayar.

Ya ce a'a, huhun duka, ladan cin amana. Sulaimanu ya ce ya bayar.

Ya ce ba zai ƙara zama ƙofa ɗaya da shi ba. Ya faɗi haka yana jiran gardama, don ya san nan ne abincin Sulaimanu yake. Sulaimanu ya zaro mabuɗi daga aljihu ya ɗora a kan tebur. Ya ce da Hausa, "Riƙe, Yaya. Kaina ya saba da kaya, faifai ba zai gagare shi ba."

Bature ya tafa hannu ya ce bai taɓa ganin zama mai sauƙi irin wannan ba. Akawu ya rubuta an sulhunta. Ba takardar gagara, ba kotu, ba masu leƙe ta taga. Mutumin ya fito da mabuɗi a hannu, da shago, da huhun farin goro, fuskarsa kamar wanda ya dawo daga jana'iza. Kun taɓa ganin wanda aka ba duk abin da ya roƙa ya fito yana neman wanda zai kai wa kuka?

Sulaimanu ya ɗauki faifansa ya koma gindin wata bishiya a kwanar titi, can sama da shagon. Kwana uku ba a yi ba matan Yarbawa suka gano shi. Har wata ta kawo masa kujera. Daga bakin shago, in mutum ya miƙa wuya sosai, yana iya hango bishiyar. Mutumin namu ya wuni yana miƙa wuya, har ya kai ba ya iya waiwaye sai ya juya jiki duka. Goro kuwa ba ya jiran mai shi ya gama kallon maƙwabci. Ganye ya bushe, sankara ta shiga farin huhun tun ba a sayar da rabinsa ba.

Matarsa Lantana, mai tuyar ƙosai a bakin kasuwa, ita ta gan shi wata safiya yana zaro ƙyallen fatar nan daga ƙarƙashin akwati. Ta ce, "Maigida, ina za ka da wannan?"

Ya ce, "Haƙƙina zan nema. Masu sayen nan ta ƙofata suka fara shigowa. Rabinsu nawa ne, a rubuce yake."

Ta ce, "An ba ka ƙofar duka, me ka tsinta a ciki? Takardar nan in ta fita gidan nan, ba ita kaɗai za ta tafi ba."

Ya ce mata ta kula da kaskonta.

Wasu sun ce fushi ne ya rufe masa ido, bai san abin da zai biyo baya ba. Na so in ce muku haka, don ya fi daɗin faɗa a kan mamaci. Amma mutumin da ya shekara ashirin a garin nan ya san abin da baƙaƙenmu ke jawowa a teburin Bature. Ya sani. Abin da ya gaya wa kansa shi ne, wuta za ta ci gefen Sulaimanu ta bar nasa.

Aka sake zama ranar Talata. Da Bature ya ji ƙarar sai ya yi dariya, ya ce masu saye ba tumaki ba ne da za a raba su garke biyu. Ya ce ina shaidarka?

Mutumin ya sa hannu a aljihu. Sulaimanu na ganin bakin fatar ya gane ta. Ya matso ya yi ƙasa da murya ya ce, "Yaya, mayar da ita. Akwai sunan Malam a ciki. In unguwar kake so in bari, gobe ba za ka gan ni ba. In goron ne, na bar shi, in koma dako."

Ya 'yan uwa, wannan ita ce ƙofar sulhu ta ƙarshe, kuma a buɗe take har bango. Mutumin ya dubi fuskar abokinsa. Da ya ga tsoro a cikinta, ko ƙiyayya, wataƙila da ya huce. Da Sulaimanu ya zage shi ma, ina jin da takardar ta koma aljihu. Amma abin da ya gani tausayi ne. Har a nan ma Sulaimanu ya fi shi. Sai ya warware fatar ya shimfiɗa takardar a kan tebur.

Ranar Bature ya manta da abincin rana.

Kafin la'asar 'yan sanda sun tafi da su biyun. Aka nemo mai karantawa, ya karanto sunaye biyar. Aka bi gidaje ana zazzage akwatuna. Aka farfasa allunanmu, aka rufe ɗakin da muke salla. Shaidun biyu suka sha bulala. Malam Idirisu, yana da shekara saba'in da ɗoriya, ya yi kwana arba'in a kurkuku, ya fito da tarin da bai bar shi ya ga wani azumin ba. Sulaimanu kuwa aka yanke a ɗora shi a jirgin da zai tashi zuwa Ikko, kada ya sake taka ƙasar nan.

Mutumin namu fa? Kwana uku aka sake shi, tunda da hannunsa ya kawo takardar. Babban ɗan sanda ya rako shi har bakin ƙofa, ya dafa kafaɗarsa a gaban jama'a, ya ce ga baƙin mutum mai biyayya. Da bulala ɗari suka yi masa da ta fi masa sauƙi.

Ranar da jirgin zai tashi duk muka gangara bakin ruwa. Muna kuka, amma kukan nan, in za a faɗi gaskiya, da kwaɗayi a cikinsa. Wane ne cikinmu bai taɓa mafarkin jirgin da ya juya baya ba? Mutumin yana can nesa bayan buhunan sukari yana kallo. Wani ɗan dako da ke kusa da shi ya ji yana cewa a ƙasan maƙoshi, "Ko a korar ma shi ya ci riba."

Daga ranar ba wanda ya sake yi masa sallama. Ba taro muka yi muka yanke ba, bakinmu ne kawai ya ƙi buɗewa. Lantana ta ɗauki kaskonta ta koma wurin wata ƙawarta a unguwar Bitoriya. Shago ya rage daga shi sai ƙudaje. Yana da ƙofa, yana da dama da hagu, ba mai tsallake faifansa kuma, don ba mai zuwa.

Bayan shekara ɗaya da rabi Usman ya dawo. Ya hau gangaren da kaya biyu, rabin huhun goro da wani ƙunshi ɗaure da igiya. Ya tsaya a bakin ƙofa bai shiga ba. Ya ce, "Saƙon Sulaimanu ne. Ya ce in gaya wa Yaya wannan rabinsa ne, ƙetare ruwa ba ya tayar da alkawari. Ƙunshin kuwa farin yadi ne. Ya ce hannunsa ba zai kawo nan ba ranar da ake bukatarsa, amma ga abin da ya iya kawowa."

Mutumin ya daɗe yana kallon ƙunshin. Usman ya ce ya ga leɓensa na rawa, har ya zaci kuka zai yi, ya ce a ransa yau Allah ya karya dutsen nan. Can sai ya ɗago ya ce, "Yaya kasuwarsa a can?"

Usman ya ce, "Alhamdu lillahi. Rumfa biyu gare shi."

Sai ya jawo kayan ciki, ya tura ƙofa ya rufe.

Bai cika wata uku ba bayan nan. Wata safiya maƙwabciyarsa ta ga ƙofa ba ta buɗe ba, aka ɓalle, aka same shi ya cika. Labari ya iso mana da hantsi.

Nan fa, ya 'yan uwa, labarin ya daina zama nasa shi kaɗai. Muka taru muna shawara: a wanke shi ko kada a wanke shi? Wani ya ce Musulmi ne. Wani ya ce a tambayi kabarin Malam Idirisu. Ina cikin masu shawarar, kuma na kawo hujjoji masu kyau ƙwarai, a ɓangarorin biyu. Muna nan muna ja har azahar, sannan muka daidaita cewa wanka haƙƙin mamaci ne ko me ya aikata. Muka ɗauki buta muka tafi mu huɗu.

Muka tarar amalanken da ke kwasar gawar marasa gata ya riga mu. An kai shi ramin gayya, an zuba farar ƙasa, ba wanda ya iya nuna mana ko ta wane gefe yake. A shagon, goron Sulaimanu ya ruɓe a cikin huhu, ko ɗaya bai taɓa ba. Ƙunshin yana kan kanta, igiyarsa ba a kwance ba.

Abin da ya gani a jirgi ya firgita, ya nemi tsari da shi tun yana saurayi, shi ya same shi a tudu. Wa ya kore masa mai wankansa? Ba Bature ba ne. Baturen ma sau biyu yana tsayar da shi a zaure.

To ku ji. Sulhu alheri ne, amma sulhu yana raba abin da ke rabuwa ne: goro, shago, riba. Ba ya raba farin jini, ba ya raba abin da Allah ya zuba wa bawansa a fuska. In aka kira ka zaman sulhu, kafin ka tambayi abin da za a ba ka, tambayi kanka: in aka ba ni duka, zan koma gida da farin ciki? In ka ji zuciyarka ta ce a'a, to ba haƙƙinka kake nema ba, faɗuwar ɗan uwanka kake nema, kuma ba alƙalin da ke da ita a aljihu. Hassada ga mai rabo taki ce. Mai zuba takin ne ke kwana da wari.

Mu kuma da muke ganin mun fi shi, mu tuna mun kai azahar muna shawara a kan gawa.

Yadin nan bai ɓata ba. Yana cikin akwatin da wasunku suka jingina da shi yanzu haka, da igiyarsa. Mun ajiye shi don duk wanda ya riga tafiya cikinmu ba shi da kowa. Ban san na wane ne ba. Na dai auna shi da ido, ya yi daidai da tsawona.

Allah ya wanke zukatanmu tun kafin a wanke jikinmu. Allah ya sa mu ga alheri a hannun ɗan uwa mu ce madalla har cikin rai. Allah ya jiƙan Malam Idirisu, ya jiƙan mutumin nan da rahamarsa da ta fi laifinsa faɗi. Kada Allah ya sa mu kori hannun da zai rufa mana asiri. Allah ya kiyaye mu.